Ina ake samun littattafan hotuna a Akra, kuma akwai na zango?

Malama daga Mamobi:

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Dan Allah tambaya gare ni ga waɗanda suka san harkar littafi ko harkar hoto. Ina koyarwa a firamare, sannan Asabar da Lahadi in an tashi makarantar allo akwai yaran unguwa da nake tarawa a zauren gidanmu muna karatu, wasu 'yan aji huɗu, wasu har sun shiga ƙaramar sakandare. Abin da na lura in na ba yaro littafi mai rubutu zalla ba a jimawa ya fara hamma yana leƙen ƙofa, amma akwai wani tsohon littafi babba mai bango mai kauri da ƙanina ya samo mana wajen masu gwanjon littattafai, hotunan garuruwa ne da kasuwanni da tashoshin jirgin ruwa na ƙasashen waje, wallahi shi kam har rigima suke a kansa, hoto ɗaya sai mu daɗe a kai suna ta tambaya wannan wane gari ne, me matan nan suke sayarwa, me ya sa gidajensu suka yi haka, yaron da ba ya buɗe baki a aji sai ga shi yana wa 'yan uwansa bayani.

To shi ne nake so in ƙara tara irinsa, na tafiye-tafiye, na kiɗa, na fim, na al'adu. Kuɗina ba yawa, abin da nake warewa ne daga albashi sai ɗan abin da iyayen yaran suka taimaka, dan haka ba na so in sayi abin da zan yi da-na-sani. Wanne ne ya cancanci kuɗinsa, kuma ina ake samu a nan Akra? Sai abin da ya fi damuna, wata yarinya ta tambaye ni, Malama mu ina namu littafin, ina hoton Nima da Mamobi na da? Na rasa amsar da zan ba ta. Akwai littafin hotuna da aka yi a kan zango da mutanen zango? In akwai dan Allah a faɗa min ko a ina ne.

Mai kyamara, Nima:

Wa alaikumus salam Malama, Allah ya saka miki da alheri. Kafin ki fitar da ko sidi ɗaya shawarata ki fara zuwa Dikan Center da ke Osu. Ɗakin karatu ne na littattafan hoto, an buɗe shi a Disambar 2022, Paul Ninson ne ya kafa, mai ɗaukar hoto ne ɗan ƙasar nan, lokacin da yake New York ya dinga tara littattafai har sama da 30,000 ya yo jigilarsu gida. Ki je ki zauna ki buɗe da hannunki, gani ya kori ji, saboda irin wannan littafin in kika yi odarsa ta intanet ido rufe sai bango ya yi kyau ciki kuma ɗab'in ya fito dishi-dishi, ko ki tarar da shafukan da ba za ki iya buɗewa gaban yara ba.

In kuwa guda ɗaya tak za ki iya saya to ni dai na James Barnor zan ce, Ever Young, wanda ya fito 2015. An haifi dattijon a Akra a 1929, shi ne mai hoto na farko da jaridar Daily Graphic ta ɗauka da aka fara ta a 1950, ya buɗe situdiyo a Jamestown mai suna Ever Young, ya yi wa mujallar Drum aiki, ya tafi Ingila a 1959 ya yi wajen shekara goma, da ya dawo shi ya kafa wajen wankin hoto mai kala na farko a ƙasar nan. Abin da ya sa nake son shi ga yara, mutanen cikin hotunansa a tsaye suke da mutuncinsu, akwai 'yar sanda mace cikin kaki tana sarawa, akwai ɗan dambe Roy Ankrah, akwai Nkrumah, akwai Mike Eghan na rediyo a tsakiyar Landan ya ware hannuwa. Tafiya da kiɗa da kwalliya duk suna ciki a littafi guda.

Na biyu Playtime in Africa, Efua Sutherland ta yi rubutun, Willis Bell ya ɗauki hotunan, farkon shekarun 1960 ya fito, yaran Ghana ne suna wasanninsu, rubutun gajere ne, wannan kam dan yara aka yi shi tun asali. Gidauniyar Mmofra ce ke riƙe da hotunan Bell. Akwai kuma na Paul Strand, Ba'amurke da ya zagaya ƙasar a 1963 zuwa 1964 zamanin Nkrumah, littafin Ghana: An African Portrait ya fito 1976, yana da kyau sosai amma ya fi dacewa da manyan cikinsu, shiru ne da shi.

Sai maƙwabtanmu, kuma nan ne nake ganin yaranki za su fi ganin kansu. Seydou Keïta da Malick Sidibé na Bamako, da Sanlé Sory na Bobo-Dioulasso mai situdiyon Volta Photo. Ki buɗe littafin kowannensu za ki ga babbar riga da hula da ɗaurin kallabi da 'yan kunne irin na kakanninmu, saurayi ya jingina da babur, wani ya rungume rediyo, 'yan mata sun yi anko. Sidibé shi ya bi samarin Bamako wajen rawa da bakin kogi, a 2007 aka ba shi lambar yabo ta Golden Lion a babban baje kolin fasaha na Venice saboda aikin rayuwarsa. Mu a zango da muke cakuɗe da Zabarmawa da Wangarawa da Mosawa da Fulani, waɗannan fuskokin ba baƙi ba ne.

Na Hausa kai tsaye akwai Diagram of the Heart na Glenna Gordon, 2016, a kan matan Kano masu rubuta littattafan soyayya, ƙarami ne. Game da zango kuwa abin da na riƙe a hannuna littattafan bincike ne, People of the Zongo na Enid Schildkrout a kan Kumasi, 1978, da Landlords and Lodgers na Deborah Pellow a kan Sabon Zango na Malam Bako. Rubutu ne na jami'a, ba irin wanda yarinyar nan ke nema ba.

Wajen saye, ki dinga leƙa masu gwanjon nan akai-akai dan kaya yakan zo ba zato, ki duba shagunan littafi na Osu da na jami'a a Legon, amma gaskiya hanya mafi sauƙi ki samu ɗan uwa a Landan ko Amurka ya saya miki na hannu ya ba mai tahowa, saboda littafin nan nauyi gare shi, kuɗin aikowa wani lokaci yakan kamo kuɗin littafin.

Baba Alhaji, Aboabo Kumasi:

Salamu alaikum. Jikana ne ya karanta min wannan magana kuma shi ke rubuta min. 'Yata Allah ya yi miki albarka, ya raya miki zuri'a.

Tunda kin ambaci fim bari in fara da shi. Mu mun tashi da sinima, a lokacin a nan Kumasi akwai Rex da Roxy da Odeon da Rivoli, ku kuma can kuna da Orion a Circle da Opera da Dunia a Nima, 'yan zango fim ɗin Indiya muka fi so da na kaboyi da na Sin masu faɗa. Da aka shiga shekarun 1980 sai bidiyo ta zo, mutum ya samu talabijin da na'urar kaset da janareto ya kafa benci a tsakar gida ko ya ɗora a mota ya bi ƙauyuka, to ba shi da fosta ta kamfani da zai kafa, sai ya je wajen masu fentin allon shago su zana masa. A kan buhun fulawa suke zanawa, a farke buhu a wanke a ɗinke biyu a haɗe, a shafa fenti, in an gama nunawa a naɗe a tafi gari na gaba, shi ya sa duk za ki ga sun yi layin naɗi sun koɗe. Wani lokacin mai zanen bai ma ga fim ɗin ba, bangon kaset kawai aka ba shi, sai ya ƙara abin da yake ganin zai ja mutane. Da fosta ta inji ta yi araha wajen ƙarshen shekarun 1990 sana'ar ta faɗi. Wani Ba'amurke Ernie Wolfe ya tattara su ya yi littafi Extreme Canvas, ɗana ya taɓa kawo min na gani, na yi ta gane irin waɗanda muke wucewa a bakin hanya. Amma kar ki saya wa yara, jini da macizai da matsafa sun yi yawa a ciki. Abin da ya sosa min rai da na rufe shi, waɗannan buhunan mu a nan da su ake rufe kaya in ruwa ya zo, ba wanda ya ce a ajiye, yau sai ka biya kuɗin waje kafin ka ga hotonsu.

Kiɗa ma haka. Louis Armstrong ya zo Akra a 1956, E.T. Mensah ya tarbe shi da busa, an ɗauki hoto an ɗauki fim. Muhammad Ali ya zo 1964 har nan Kumasi ya iso an ɗaura masa kente. Ranar 6 ga Maris 1971 an yi babban bikin kiɗa na Soul to Soul a dandalin Black Star, su Wilson Pickett da Ike da Tina Turner da Santana, shi ma akwai fim akwai hotuna. Duk wannan tarihi ne mai kyau kuma ya kamata yara su sani. To amma ina kalangun da ake kaɗa wa mata ranar awure, ina mai goge, ina 'yan mandiri a Maulidi, ina kakaki da algaita in Sarkin Zango ya fito ranar Sallah? Waɗannan mutane na san su da fuska da suna, da yawansu sun rasu, 'ya'yansu wasu sun bar sana'ar, in ba a bi gidajen an nemi hotunansu yanzu ba to sai dai labari.

Tafiya kuwa, wa ya kai mu tafiya? Goro ne ya kawo kakanninmu, daga Kano da Katsina da Sakkwato zuwa Gwanja, Salaga ce babbar kasuwa kafin yaƙin 1892 ya watsa ta, mutane suka bazu Kete-Krachi da Yeji da Atebubu da Kintampo, daga baya Kumasi da Akra. Iyayenmu wasu a ƙasa suka tafi Makka, ta Kano da Maiduguri da Chadi da Sudan sannan su haye Bahar Maliya, ana shekaru a hanya ana tsayawa ana sana'a, wani a can ma ake haifarsa. Wanda ya dawo yakan je situdiyo da rawani da jallabiya a ɗauke shi. In kina neman littafin aikin Hajji mai hotuna na hankali akwai wanda gidan tarihin Birtaniya ya fitar lokacin baje kolinsu na 2012, a irin waɗannan ne ake ganin hotunan Sadiq Bey, sojan Masar da ya ɗauki Madina a 1861 da Makka a 1880. Yara za su yi mamakin ganin Harami ba dogayen gine-ginen nan.

Abu ɗaya da samari ba su sani ba, rabin hotunanmu ba sa ƙasar nan. A Nuwamban 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takarda sati biyu su fita, gidaje suka rabu, wani ya tafi Najeriya wani Nijar wani Haute-Volta, wato Burkina Faso ta yau, mace takan bar gado da kujera amma ta sa hotuna a ƙasan akwati. Duk mai son haɗa tarihin zango da hoto dole ya tambayi dangi na Kano da Yamai da Wagadugu.

Ɗan Sukura:

Baba Allah ya ƙara girma, maganarka gaskiya ce. Amma ni Malama ina da ja kaɗan. Kuɗin littafi ɗaya irin wannan sabo zai saya wa yara da yawa littafin rubutu da biro, kuma yawancin hotunan nan suna intanet kyauta, har tsofaffin hotunan da 'yan mishan na Basel suka ɗauka a ƙasar nan tun ƙarni na 19 an zuba su a shafinsu, akwai fatake a ciki da kayansu, sai dai ba sunan kowa, Hausawa 'yan kasuwa kawai za ki ga an rubuta.

Na biyu kuma wanda ya fi ci min rai, ki lura da wa ke riƙe da kyamarar. Pieter Hugo ɗan Afirka ta Kudu ya yi The Hyena and Other Men a 2007 a kan gardawa masu wasa da kura a Najeriya, ya kuma yi Permanent Error a 2011 a kan yaranmu 'yan arewa masu ƙona waya a bolar Agbogbloshie. Ba na cewa bai iya aiki ba, ya iya, hotunan suna kama zuciya. Amma wanda ke Jamus ko Faransa ya ajiye wannan a falonsa me zai ɗauka a kanmu in ba kura da hayaƙi ba? An rushe wurin a 2021 amma hoton yana nan yana yawo. Haka masu zuwa Nima, daga sauka mota kwata suke nema, ba wanda ke tambayar gidan malami ko shagon mai ɗinkin babbar riga. Ni ba na so yaro ya buɗe littafi mai tsada ya ga unguwarsu a matsayin wajen tausayi.

Mai kyamara, Nima:

Ɗan Sukura, maganar kwata gaskiya ka faɗa, ina gani da idona. Amma batun kallon hotunan a intanet ta waya ban yarda ba. Hoto a waya yaro ɗaya ke kallo kuma yatsa na kan tafiya gaba, littafi kuwa yara shida za su kewaye shi, ba ya buƙatar caji ko data, kuma wanda ya tsara shi ya yi tunanin wane hoto zai zauna kusa da wane, wannan jerin shi ne labarin. Malama ma ai ta faɗi abin da ta gani a zaurenta.

Hajiya, Sabon Zango:

Malama sannu da ƙoƙari ƙanwata. Ni ba ni da ilimin littattafan nan da suke lissafawa amma amsar yarinyar nan tana cikin ɗakunanmu, ki shiga ɗakin kowace tsohuwa a Sabon Zango ko Nima ko Fadama ki ce Mma a nuna min albam, za ki sha mamaki. Mu mata mu ne masu ajiyar hoto. Duk awure, duk suna, duk walimar saukar karatu, duk tarbar alhazai, mai hoto yana nan, bayan kwana biyu ya dawo ya baza su kowa ya ɗauki nasa ya biya, a bayan hoton akwai hatimin situdiyo wani lokaci har da kwanan wata. Daga yayin da muka ɗinka kaɗai zan iya faɗa miki bikin wa ne kuma wajen wace shekara, ɗaurin kallabi ma kowane zamani da nasa, ga lalle, ga jeren kwanonin amarya a kabad. Wannan duk al'ada ce kuma ba Bature da zai san ma'anarta in ba mu muka faɗa ba. Kuma kar a ce hoto sana'ar maza ce, Felicia Abban ta buɗe situdiyonta a Jamestown tun shekarun 1950, ta yi aiki zamanin Nkrumah, an kai hotunanta baje kolin fasaha na Venice a 2019, Allah ya yi mata rasuwa a farkon 2024. Ki faɗa wa 'yan matan ajinki wannan.

Sai dai hotunan suna lalacewa. Ambaliyar 3 ga Yuni 2015 ta ci na 'yar uwata gaba ɗaya, a ƙarƙashin gado suke cikin jaka, da ruwa ya janye sun manne da juna fuskoki sun narke, har da hoton mahaifinmu guda ɗaya da muke da shi, har yau in na tuna sai na yi hawaye. Wanda ruwa bai ci ba danshi da gara da kyankyaso suna ci.

Amma ina roƙon duk wanda zai yi wannan aiki ya ji tsoron Allah ya nemi izini. Akwai matar da ta ɗauki hoto tana budurwa kai ba ɗankwali yanzu Hajiya ce mai jikoki, ba za ta so a buga ba. Akwai auren da ya mutu ba a son tuna shi. Akwai mamaci da 'ya'yansa ne ke da ta cewa. Akwai kuma gidajen da malaminsu bai yarda da hoto ba sam, malamai sun saɓa a kai, wanda ya ce a'a a gode masa a wuce ba gardama. Kuma kar a karɓi hoto a ce za a dawo da shi, mun sha ba da aro ga masu cewa bincike suke bai dawo ba, shi ya sa tsofaffi suka daina fitarwa. A zo da na'ura a kwafa a gaban mai shi a miƙa masa abinsa, a zauna a rubuta sunan kowa da ke ciki da unguwa da sana'a tun masu sanin suna raye.

Mai injin ɗab'i, Newtown:

Salam. Hajiya ta gama magana, bari ni in ƙara ta ɓangaren aikinmu, dan na ga maganar ta tashi daga saye ta koma yi, kuma abu ne mai yiwuwa in ba a ɗauko shi da girma ba.

Farko kwafa. Kar a ɗauki hoton hoto da waya a tura ta WhatsApp, yana matse shi, a allo zai yi kyau a takarda ya farfashe. Sikana ake sa wa. Ƙa'idar ɗab'i 300 dpi ne, wato ɗigo 300 a kowane inci, a girman da za a buga, to tsofaffin hotunanmu ƙanana ne, in kana so ƙaramin hoto ya cika shafi dole ka yi sikanin a 600 ko 1200. Ko baƙi da fari ne a yi shi da kala dan wannan jan-ƙasa na tsufa ya fito, a kwafi bayan hoton ma saboda hatimi da rubutun hannu, wani har da ajami. In an dace da gidan tsohon mai hoto da bai zubar da nagatif ba to an tsinci dami a kala, nagatif ya fi hoton da aka wanke kaifi nesa ba kusa ba. Ku duba Deo Gratias a Jamestown, tun 1922 situdiyon yake kuma zuri'ar mai shi suna riƙe da kayan, shi ya sa har yau ake ganin Akra ta da ta hannunsu.

Sai takarda. Mai nauyin giram 150 zuwa 170 mai santsi marar ƙyalli ita ta fi, in ta yi siriri hoton baya zai dinga leƙowa. Shafuka a lissafa su 16-16, kamar 48 ko 64 ko 96, saboda haka babbar takarda ke naɗuwa, in ka saɓa asara ce. In kwafi kaɗan ne injin dijital ya wadatar, in ɗaruruwa ne a yi faranti a buga a babban inji sai kowane kwafi ya sauko, amma kar a yarda a buga duka sai an ga gwaji a kan ainihin takardar, fatar baƙin mutum in mai injin bai kula ba takan toshe ta zama baƙi ƙirin ba ido ba hanci. Ɗauri kuma a dage a kan ɗinkin zare, na gam zalla da zafin nan namu da hannun yara ba ya daɗewa shafuka sun fara zubowa. Malama wannan ki duba shi har a wanda za ki saya, ki buɗe tsakiya in kin ga zare to zai jure.

In za a sayar a kasuwa ana karɓar lambar shaidar littafi, wato ISBN, a ɗakin karatu na George Padmore da ke ƙarƙashin hukumar laburare ta ƙasa. A kuma tuna dokar haƙƙin mallaka ta 2005, hoto aikin wanda ya ɗauka ne, kariyarsa tana kaiwa shekara 70 bayan rasuwarsa, dan haka in an san situdiyon a nemi iyalinsa a kuma rubuta sunansa a ƙasan hoton.

Ajiya kuwa, dan Allah a daina kai tsohon hoto a manne shi cikin leda da injin zafi, ba ya ɓaruwa kuma. A cire su daga albam mai gam, kar a sa salatif, in za a yi rubutu a baya da fensir ba biro ba. A sa a roba mai murfi a ɗora a sama nesa da bango, a jefa 'yan ƙullin nan masu shan danshi da ke zuwa cikin kwalin takalmi. Manyan littattafanki ma a kwance za ki ajiye su, kar su jingina da bangon siminti lokacin damina.

Malama daga Mamobi:

Kai, Allah ya saka wa kowa da alheri, Baba na gode da addu'a, Hajiya Allah ya jiƙan mahaifinku ya sa ya huta. Na yanke shawara zan fara da na Barnor da na wasan yaran nan, na riga na yi wa ɗan yayata da ke Landan magana ya duba na hannu. Ɗan Sukura maganarka ta shige ni, duk abin da zan kawo zaure sai na bi shi shafi-shafi tukuna. Sannan wannan Asabar zan ba kowane yaro aiki ya je wajen kakarsa ya nemi hoto ɗaya, ba zai ɗauko ba, zai zauna ne ya tambayi su waye a ciki, ina aka ɗauka, bikin me, ya rubuto a littafinsa, in tsohuwar ta yarda sai mu je mu kwafa a gabanta. Mai kyamara ko kana da sikanar da ake iya ɗauka a hannu? Kuma Dikan ɗin ana iya zuwa da yara?

Mai kyamara, Nima:

Ina da ita Malama, ta kan tebur ce amma tana shiga jaka, da kwamfutata zan zo, Lahadi bayan la'asar na fi samun sarari. Gidan da za mu shiga ki fara aika yaro a tabbatar akwai wuta kuma tsohuwar ta shirya, in akwai ɗakin da ba a so maza su shiga sai in nuna wa ɗaya daga cikin manyan 'yan matan yadda ake yi ta shiga ita. Dikan kuma ki fara zuwa ke kaɗai ki yi magana da ma'aikatan ki faɗa musu yawan yaran da shekarunsu, su za su faɗa miki ranar da ta dace. Baba in jikanka zai iya fara rubuta sunayen makaɗan nan na Kumasi da unguwannin da iyalansu suke, ya turo min, ina da aboki mai hoto a Asawase da zai bi gidajen tare da shi.